Daga Tulluwar Ƙasa Zuwa Kubbar Kwano

A shekarun 1830, zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya, da ɗakin shari'a a jikinsa inda alƙali ke zama. Azara ce ta ɗauki rufin, wadda ake tsagowa daga giginya, gara ba ta iya mata. Sai dai azara ba ta jure nauyin ƙasa idan tazara ta wuce ƙafa shida. Saboda haka magina kan dasa ta cikin bango, su ɗaure wata a kan wata da igiya, kowace tana ɗan leƙowa gaba, har bakan gizo ya haɗu a sama. A kansa ake ɗora tulluwa.

Mu da muka tashi a gidan gini mun san aikin ba ya ƙarewa ranar da aka sauke tsani. Kafin damina sai an hau an duba tsaga, an share indararo, an sabunta laso, wato katsin marina da gashin akuya da aka kwaɓa da ruwan dafara. Bango kuma a bi shi da makuba.

Da kwano da siminti suka shigo zamanin Turawa, wannan hawa na shekara-shekara ya fara ja da baya. A shekarun 1970 aka kewaye masallacin Zariya da sabon gini na kankare. Allah ya sa masanin gine-gine Zbigniew Dmochowski ya riga ya auna shi, shi ya sa akwai kwafinsa a gidan tarihi na Jos. Ranar 11 ga Agusta 2023 wani sashe na rufin masallacin Zariya ya rufto kan masallata lokacin la'asar, aka rasa rayuka. Allah ya jiƙansu.

A unguwannin Hausawa na Fatakwal da Anacha da Inugu kuwa, damina ta yi tsawon da tulluwar ƙasa ba za ta kai labari ba, sai kubbar kwano ko alminiyam, aikin masu walda. Abin da ke damuna shi ne jama'a sun ɗauka ƙarfe ba ya son kulawa. Tsatsa tana farawa ne daga bakin ƙusa da mahaɗar falle, ruwa ya bi ta nan ya ruɓar da katakon ciki, waje kuwa fenti na ta ƙyalli. Kafin kwamitin masallaci ya kira mu, silin ya riga ya yi tabo, kuɗin gyara ya ninka.