Kakar 1946: Filaye Huɗu da Koci Ɗaya

Ban taɓa riƙe sandar besbol ba. Abin da ya kai ni ga tarihin wannan wasa na Amurkawa tambaya ce da ta dame ni tun ina jami'a: ta yaya wariyar launin fata take fara sassautawa? Na tsinci wani sashe na amsar a kakar 1946, cikin ƙaramin rukunin da ake kira International League.

A watan Oktoba na 1945, Branch Rickey, shugaban Brooklyn Dodgers, ya sa aka ɗauki Jackie Robinson, baƙar fata, a ƙaramar ƙungiyarsu, Montreal Royals ta ƙasar Kanada. Kocin ƙungiyar, Clay Hopper, mutumin jihar Misisipi ne, cikin wariya aka haife shi, cikinta ya girma. Ya roƙi Rickey kada ya haɗa shi da wannan ɗan wasa. Rickey ya ƙi.

Kowane fili da irin tarbar da ya yi musu. Lokacin atisaye a Florida, hukumar birnin Jacksonville ta garƙame filinta da kwaɗo. Daytona Beach kuwa ta buɗe nata ranar 17 ga Maris. Ranar 18 ga Afrilu, a filin Roosevelt na Jersey City, Robinson ya yi bugu huɗu masu kyau cikin biyar, Royals ta ci 14 da 1. A gida, filin Delorimier, 'yan kallo sun riƙe shi hannu bibbiyu. Da ƙungiyar ta doke Louisville ta ɗauki kofi a ƙarshen kaka, jama'a suka bi shi har kan titi don murna.

Sai dai wanda na fi tsayawa a kansa shi ne Hopper. Wata shida ya yi yana kallon mutumin da ya ƙi, safe da yamma, har ido ya ƙaryata abin da kunne ya ji tun ƙuruciya. Shi ne daga baya ya ba da shawarar a ɗaga Robinson zuwa Dodgers, inda ya fara wasa ranar 15 ga Afrilu, 1947.

An rushe Delorimier, an rushe Roosevelt. Filin Daytona, wanda ya fara buɗe ƙofa, yana nan, kuma sunan Robinson yake ɗauke da shi.