Daga Bakura Zuwa Birnin Shehu: Shirin Tafiyar Yini Ɗaya

Ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka yanke Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato. Duk ɗaliban da nake koya wa tarihi a Bakura bayan wannan rana aka haife su, har ma da iyayen wasu daga cikinsu ba su girme ta da yawa ba. A wurinsu babban birni shi ne Gusau, Sakkwato kuwa wani gari ne na wata jiha, inda ake kai mara lafiya babban asibiti ko a je neman gurbin karatu a jami'a. Kakanninsu ba haka suka san ta ba. Tun daga zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, zuwa zamanin Lardin Sakkwato na Turawa, zuwa Jihar Arewa maso Yamma ta 1967, can ake kai gaisuwa, can ake kai ƙara, can ake tabbatar da sarauta. Gulbin da ya cika madatsar Bakolori, yake shayar da shinkafarmu a Maradun da Talatar Mafara da Bakura, shi ne yake gangarawa ya haɗu da gulbin Rima a gefen birnin. Wannan ne ya sa na ƙudurta kai ɗaliban ajin ƙarshe su zaga tsofaffin unguwannin Sakkwato cikin yini ɗaya, su taka da ƙafarsu abin da suke haddacewa don jarrabawa.

Abu na farko da na fara aunawa shi ne hanya, ba tarihi ba. Daga Bakura zuwa Sakkwato tafiyar kimanin awa biyu ce a mota: a fito Lambar Bakura a hau babban titin Gusau, a ratsa Tureta, a wuce Dange da Shuni. A da ana tashi da asuba a iso kafin rana ta yi zafi. Yanzu babu uban da zai bar ɗansa ya hau titi da duhu, domin 'yan bindiga sun mayar da sammako da yammaci lokutan fargaba a ƙasar Zamfara. Don haka sai gari ya waye sarai, misalin ƙarfe bakwai, za mu tashi, kuma dole mu bar Sakkwato kafin la'asar. Abin da ya rage mana a birnin awa shida ne kacal. Na zaɓi hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, saboda a watan Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ba mai iya yawo da yara a ƙasa. Na kuma zaɓi Alhamis: ranar Juma'a unguwannin masallatan sukan cika maƙil, Asabar da Lahadi kuwa ma'aikatu suna rufe.

Tunda lokaci ya yi kaɗan, sai na tsara zagayen bisa jerin shekaru, yadda duk inda muka tsaya zai zama babi ɗaya. Babin farko a mota za a yi shi, tun kafin mu isa. Zan tuna musu cewa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi kimanin shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara, ya zauna a Faru, tun kafin hijirarsa daga Ɗagel zuwa Gudu a watan Fabrairu na 1804. Bayan nasarar Tafkin Kwatto da asarar Tsuntsuwa, a Zamfara jama'arsa ta sake samun mafaka, a Sabon Gari, cikin 1805. Alƙalawa, birnin Gobir, ta faɗi a 1808, a shekara mai bi mata kuma Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato a kan tudu don ta zama sansanin tsaro. Shehu da kansa a Sifawa ya zauna, sai a 1815 ya komo sabon birnin. Ina so yaran su shiga Sakkwato da sanin cewa ƙasarsu ta riga birnin ganin Shehu.

Zangonmu na farko shi ne unguwar Sabon Birni da kewayen Masallacin Shehu. Sunan kansa darasi ne: a cikin gari mai shekara fiye da 200, ga unguwa ana ce mata sabuwa, domin ita ce faɗaɗawar da aka yi daga yamma don saukar Shehu da jama'arsa. Shekara biyu kawai ya yi a nan. Ya rasu ranar 20 ga Afrilu, 1817, aka binne shi a cikin gidansa, wurin da yau ake kira Hubbare. Kusa da shi akwai kabarin wasu daga cikin iyalinsa, har da 'yarsa Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864. Ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa wa jajis malfa ta tura su ƙauyuka su karantar da mata. Rabin ajina 'yan mata ne, wasunsu da ƙyar aka bar su suka kai ajin ƙarshe. Na ware minti arba'in a nan, na kuma gargaɗe su tun daga gida: a tuɓe takalmi, a rage murya, a yi addu'a, kada a ɗaga waya sai an nemi izinin masu kula da wurin.

Daga Hubbare da ƙafa za mu bi lunguna zuwa Kanwuri, wato fadar Sarkin Musulmi, da Masallacin Bello da ke kusa da ita. Masallatan biyu an daɗe da sake su da siminti, don haka wanda ya zo neman ginin ƙasa na farko ba zai same shi ba. Abin da bai canja ba shi ne tsarin wurin: gidan malami da masallacinsa a gefe ɗaya, gidan mulki da masallacinsa a ɗaya gefen, tsakaninsu tafiyar 'yan mintoci. A ƙofar fada zan jero musu sarakuna kaɗan da suka shafi labarinmu. Bello ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, amma a Wurno ya rasu, can kabarinsa yake. Ƙanensa Abubakar Atiku ya gaje shi har 1842. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku ya shekara hamsin a kan gado, daga 1938 zuwa 1988, Muhammadu Sa'ad Abubakar kuma ya hau a 2006.

Zango na uku shi ne Giɗaɗawa, unguwar zuriyar Waziri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin Bello kuma mijin Nana Asma'u. A nan wasiƙun daula suke fita zuwa Kano da Zazzau da sauran ƙasashen gabas, a nan amsoshinsu suke komowa. A gidan Giɗaɗo aka sauki Baturen Ingila Hugh Clapperton a watan Maris na 1824. Ya bayyana Sakkwato a matsayin gari mafi yawan jama'a da ya gani a tsakiyar Afirka, mai ganuwa da tsayinta ya kai ƙafa 20 zuwa 30, da ƙofofi goma sha biyu da ake rufewa da faɗuwar rana. Ya dawo a 1826, ya rasu a can ranar 13 ga Afrilu, 1827. Daga wannan gida ne kuma Waziri Junaidu ya fito, wanda aka haifa a 1906 ya rasu a 1997, mawallafin Tarihin Fulani, wanda taskar littattafansa ta zama ginshiƙin littafin Murray Last kan daular Sakkwato da ya fito a 1967. Ina so ɗalibaina su fahimci cewa tarihin da suke karantawa da Turanci daga takardun wannan unguwa aka ciro mafi yawansa, kuma takarda tana da mai ita, tana da ɓangaren da take tsayawa.

Wannan batu na ɓangare shi ne dalilin da ya sa na saka Ƙofar Kware a cikin shirin, ko da yake ganuwar da take jikinta ta daɗe da zama gidaje da tituna. A yau ƙofofi takwas ake ƙirgawa: Kade, Kware, Rini, Dundaye, Taramniya, Aliyu Jeɗo, Marke da Atiku. Ta Kware ita ce ta haɗa birnin da garinmu a wani labari mai ɗaci. Malam Abdussalami, Ba'are, yana cikin manyan almajiran Shehu, kuma harin da Gobirawa suka kai wa jama'arsa a Gimbana yana daga cikin abubuwan da suka kunna wutar jihadi. Bayan an ci nasara sai ya ga rabon da aka ba shi bai kai wahalar da ya sha ba. Da Shehu ya rasu ya ƙi miƙa wuya ga Bello, ya kafe a Kware, aka yi ta musayar wasiƙu ba a daidaita ba. A farkon 1818 rundunar Sakkwato ta ci Kware, Abdussalami ya fita da rauni, ya zo Bakura ya cika. Labarin da muke da shi daga alƙalamin Bello ya fito, a cikin Sard al-Kalam. A cikin wannan ƙarni dai, a 1891, Talatar Mafara ta yi wa Sarkin Musulmi Abdurrahman tawaye, aka murƙushe ta da ƙarfin yaƙi. Na yi ta shawara da kaina ko in bar waɗannan labarai, tunda ziyara ce ta girmamawa. Na yanke cewa ɓoye su cin amanar ɗalibi ne. Yaron da aka gaya wa cewa tsakanin Zamfara da Sakkwato zuma ce zalla, ranar da ya ji sauran labarin a bakin wani zai daina yarda da malaminsa, ya daina yarda da littafin. Gara ya ji duka a inda abin ya faru: an yi karatu tare, an yi aure tare, an kuma zubar da jini.

Kafin azahar za mu ratsa unguwannin masu sana'a, Maƙera Assada da Majema da Marina da Takalmawa, waɗanda sunayensu suka riƙe taswirar tattalin arzikin birnin. Fatar jar akuyar Sakkwato, bayan an jeme ta an rina, fatake kan ƙetara Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta shiga Turai da sunan fatar Maroko, a yi bangon littattafai masu tsada da ita. Da yawa cikin ɗalibaina akwai irin wannan akuya ɗaure a gidajensu. Na shirya kowane ɗalibi ya yi wa dattijo ɗaya mai sana'a tambaya uku, bayan gaisuwa da neman izini: wa ya koya masa, daga ina kakanninsa suka zo, kuma wa zai gaje shi. Amsar ta ukun ita na fi jin tsoro, domin robobi da kayan kanti sun ci kasuwar majemi da maƙeri, 'ya'yansu da dama sun koma acaɓa.

Bayan sallah da abincin rana za mu shiga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu, inda aka adana rubuce-rubucen hannu da makamai da kayan sarauta. Awa ɗaya na ba wurin, kuma sai na aika da takardar neman izini mako biyu kafin ranar, don a tanadar mana mai yi mana bayani.

Zango na ƙarshe shi ne Giginya, a kan hanyarmu ta fita. A wannan fili, bayan ganuwa daga kudu, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta tari sojojin Ingila ƙarƙashin Kanar Morland da safiyar 15 ga Maris, 1903. Dawaki da masu ba su yi wa bindiga mai ruwa komai ba, cikin ɗan lokaci aka watse. Attahiru ya yi gabas da niyyar hijira, dubban talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi, aka kashe shi a Burmi ta ƙasar Gombe ranar 27 ga Yuli na wannan shekara. A nan sai na ja kunnen yaran, domin sarautar garinmu Sarkin Burmi ce, kada su ɗauka Burmin Gombe ita ce tamu. Waziri Buhari kuwa ya zaɓi komawa birni ya sasanta da Turawa don jama'ar da ba ta iya gudu ba, daga baya ya rubuta wa malamai dalilinsa. Yau filin wasa da barikin soja ne suke ɗauke da sunan Giginya. Tambayar da zan bar musu a nan ita ce: tsakanin wanda ya tafi da wanda ya zauna, wa ya fi kare jama'a? Ba tambayar littafi ba ce a wurinsu. A ajin akwai yaran da iyayensu suka baro ƙauyukansu saboda 'yan bindiga, akwai kuma waɗanda nasu suka zauna suna biyan kuɗin da aka ɗora musu don a bar su su yi noma.

Wurno da Sifawa da Ɗagel duk na cire su, domin awa shida ba ta ɗaukar su. Abin da ya rage yanzu shi ne yardar iyaye. Na rubuta wa kowane gida takarda da Hausa, na bayyana lokacin tashi da na dawowa, da sunan direba, da malamai biyu mata da za su raka 'yan mata, na kuma yi alkawarin cewa in aka ji ƙishin-ƙishin a hanya ko da daren Laraba ne, an fasa. Wasu sun sa hannu, wasu sun ce a ba su lokaci, kuma ban ga laifin kowa ba. Ƙarfe uku daidai mota za ta juyo, mu yi la'asar a Bakura in Allah ya yarda. Ranar Litinin kowane ɗalibi zai kawo shafi biyu a kan unguwa ɗaya da ya taka, tare da sunan sana'ar dattijon da ya zanta da shi da amsar tambaya ta uku. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya, ya kawo wa ƙasar Zamfara zaman da yaro zai hau hanya da asuba ba tare da uwarsa ta kwana ido biyu ba.