Tarihin Yadda Ƙasar Aisilan Ta Raba Matasanta da Shaye-shaye da Darasin da Ke Ciki Ga Garinmu

Ina so in yi amfani da wannan fili domin in kawo wa 'yan uwa mazauna birane wani ɗan tarihi da ya shafi matsalar da kowa ke kuka da ita a duk lokacin da aka haɗu a gida bikin Sallah, wato shaye-shayen miyagun ƙwayoyi a tsakanin 'ya'yanmu da ƙannenmu.

Tarihin yaƙin a Nijeriya

Hukumomi a ƙasar nan sun daɗe suna fafatawa da wannan annoba, kuma mafi yawan makaman da suka ɗauka na hukunci ne. Tun a shekarar 1935 Turawan mulkin mallaka suka kafa doka a kan ƙwayoyi masu haɗari. A 1966 gwamnatin soja ta fito da doka mai tsanani a kan tabar wiwi. A 1984 aka yi Doka ta 20 wadda ta tanadi hukuncin kisa ga masu fataucin hodar iblis da makamantanta, har aka harbe mutum uku a Legas cikin watan Afrilu na 1985. Daga bisani, a ƙarshen 1989, aka kafa Hukumar Yaƙi da Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi ta Ƙasa, wato NDLEA, bisa Doka ta 48. A farkon watan Mayu na 2018 kuma Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin, jim kaɗan bayan wani rahoton bincike da BBC ta watsa a kan yadda matasa ke kwankwaɗarsa.

Duk da wannan dogon yaƙi, sai a farkon 2019 aka fitar da sakamakon cikakken bincike na ƙasa baki ɗaya a kan yawan masu shan, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi da laifuka. Binciken ya nuna cewa kimanin mutum miliyan 14.3 masu shekaru 15 zuwa 64 sun yi amfani da wata ƙwaya a cikin shekarar da ta gabaci binciken, wato kashi 14.4 cikin ɗari. Masu shan wiwi sun kai miliyan 10.6, masu shan magungunan kashe zafin ciwo irin su tiramadol ba bisa ƙa'ida ba sun kai miliyan 4.6, masu shan maganin tari kuma miliyan 2.4. A cikin kowane mutum huɗu masu shan, ɗaya mace ce. A shiyyar Arewa maso Yamma kaɗai an ƙiyasta kimanin mutum miliyan 3. Ke nan an shafe fiye da shekaru 80 ana kafa dokoki kafin a san girman abin da ake yaƙa.

Ƙasar da ta fara da ƙidaya

Aisilan tsibiri ce a arewacin Tekun Atilantika, ƙasa mai tsananin sanyi, wadda a ƙarshen shekarun 1990 al'ummarta ba ta kai mutum 300,000 ba. A wancan lokaci matasanta suna cikin waɗanda suka fi shan barasa a nahiyar Turai. A ƙarshen mako tsakiyar Reykjavik, babban birnin ƙasar, kan cika da yara buguggu har cikin tsakar dare. A 1998 an gano cewa kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 16 sun bugu a cikin wata ɗaya kafin a tambaye su, kashi 23 suna shan sigari kullum, kashi 17 kuma sun taɓa shan wiwi. An sha yi wa yaran lacca a makarantu a kan illar shaye-shaye, amma abin bai ragu ba.

Sai wasu masana suka ɗauki wata hanya dabam. Daga cikinsu akwai Inga Dora Sigfusdottir, masaniyar zamantakewar al'umma 'yar ƙasar, da Harvey Milkman, Ba'amurke masanin halayyar ɗan Adam, wanda ra'ayinsa shi ne matashi yakan nemi ƙwaya ne domin ya samu nishaɗi ko ya sauke damuwa, don haka idan aka ba shi wata hanya mai tsabta ta samun hakan, sha'awar ƙwaya za ta ragu. A 1992 aka raba takardar tambayoyi ga 'yan shekara 14, 15 da 16 a makarantun ƙasar, aka maimaita a 1995 da 1997. Ba a rubuta suna a kan takardar, don haka yaro yana iya faɗin gaskiya ba tare da tsoro ba. Tambayoyin kuwa sun wuce batun sha kawai. Ana tambayar yaro yawan lokacin da yake yi tare da iyayensa, ko sun san inda yake da dare, ko sun san abokansa da iyayen abokansa, da abin da yake yi bayan tashi daga makaranta.

Da aka tattara amsoshin sai hoton ya fito sarari. Yaran da suka fi kuɓuta su ne waɗanda ke cikin wani aiki mai tsari, musamman wasanni, sau uku ko huɗu a mako. Da masu yawan zama da iyayensu. Da waɗanda ke jin ana kula da su a makaranta. Da waɗanda ba sa yawo a waje da dare. A kan waɗannan ginshiƙai huɗu aka ɗora shirin ƙasa da aka soma a ƙarshen shekarun 1990, aka kuma kafa cibiyar bincike a 1999 domin ta ci gaba da wannan ƙidaya a kai a kai.

Matakan da suka ɗauka

Doka ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba, barasa kuma ga wanda bai kai 20 ba, ta kuma hana tallata su. Dokar kare yara ta ƙayyade lokacin shiga gida: ɗan shekara 12 zuwa ƙasa ba ya zama a waje shi kaɗai bayan ƙarfe 8 na dare, ɗan 13 zuwa 16 kuma bayan ƙarfe 10, sai dai akan ƙara awa biyu a watannin da rana ke daɗewa ba ta faɗi ba. Iyaye da kansu suka riƙa zagaya unguwanni a ƙungiyance suna lallashin yaran da suka tarar su koma gida. Iyayen 'yan aji ɗaya kan sa hannu a kan yarjejeniya cewa ba za su bar yara su yi shagali babu babba a wurin ba, ba za su saya musu barasa ba, kuma kowa zai sa ido a kan ɗan maƙwabcinsa. A 2007 hukumar birnin Reykjavik ta soma bai wa kowane yaro wani kaso na kuɗi duk shekara wanda ba a kashe shi sai a kan wasanni, kiɗa, zane da makamantansu, domin kada talauci ya hana ɗan kowa shiga.

Abin da ya riƙe wannan tsari shi ne maimaita ƙidaya. Cikin 'yan watanni kaɗan bayan kowane bincike, akan mayar wa kowace gunduma da kowace makaranta nata sakamakon. Iyaye da malamai da jami'ai sai su zauna su duba alƙaluman unguwarsu, su ga inda ɓaraka take, su yanke abin da za su gyara, shekara ta zagayo su sake aunawa.

Zuwa 2016, masu buguwa a cikin 'yan shekara 15 zuwa 16 sun sauko daga kashi 42 zuwa kashi 5, masu shan sigari kullum daga 23 zuwa 3, waɗanda suka taɓa shan wiwi kuma daga 17 zuwa 7. Tsakanin 1997 da 2012 yawan matasan da ke yawaita zama da iyayensu a ranakun aiki ya ninka, daga kashi 23 zuwa 46. Tun daga 2006 wasu biranen Turai suka soma kwaikwayon tsarin, daga baya ya isa ƙasashe irin su Chile da Ostireliya.

Adalci ne a faɗi cewa wasu masana sun ja hankali a kan cewa shan barasa a tsakanin matasa ya ragu a wasu ƙasashen Turai ma a wannan tsakani, don haka da wuya a jingina dukkan nasarar ga shirin shi kaɗai. Haka kuma Aisilan ƙasa ce mai arziki, kusan kowane yaro yana makaranta. Wanda ya ɗauko matakansu ya dasa a garinmu yadda suke zai sha wuya. Abin ɗauka shi ne tsarin aikin: a ƙidaya, a yi shawara a kan abin da ƙidayar ta nuna, a aiwatar, a sake ƙidayawa.

Inda tarihin ya shafe mu

Ƙidaya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. A zamanin En'e, kafin gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976, masu unguwanni da dagatai kan ƙirga magidanta da shanu duk shekara saboda haraji da jangali, su miƙa wa hakimi. Mai unguwa ya san kowane gida da wanda ke kwana a cikinsa. Tarbiyya ma haka take, domin ɗa na kowa ne, kuma duk babban da ya ga yaro a waje bayan Isha yana da ikon kora shi gida. Mutanen Aisilan da binciken kimiyya suka gano abin da kakanninmu suka rayu a kansa. Sai dai garinmu ya faɗaɗa, baƙin abubuwa sun shigo, kuma zaman mai unguwa a ƙofar gida bai isa ya nuna masa abin da ke faruwa a bayan makaranta ko a tasha ba.

A nan ne nauyi ya hau kanmu mu mazauna birane. A cikin wannan ƙungiya akwai malaman jami'a, da likitoci, da masu harhaɗa magunguna, da ma'aikatan ƙididdiga. Suna iya tsara gajeriyar takardar tambayoyi da Hausa, wadda ba a sa suna, a raba ta da izinin iyaye da hukumomi a makarantun sakandare da na Islamiyya. Tun da yaranmu da yawa ba sa aji, wajibi ne a bi su tsangayu, da garejin kanikawa, da wurin 'yan acaɓa, a kuma nemi mata masu ilimi su tattauna da 'yan mata da matan aure a cikin gidaje. A ƙirga shagunan sayar da magani, a san masu lasisi da marasa shi. A ƙirga filayen wasa da wuraren koyon sana'a na kowace unguwa. Sharaɗi babba shi ne amana: ranar da aka yi amfani da amsar yaro aka kama shi ko aka kunyata gidansu, daga ranar babu wanda zai sake faɗin gaskiya.

Idan sakamako ya fito, a gabatar da shi a gaban hakimi, da limamai, da shugabannin makarantu, da iyaye maza da mata, unguwa-unguwa. Wataƙila ya nuna cewa sholisho ya fi yawa a wata unguwa, tiramadol kuma a tsakanin masu aikin ƙarfi, kowanne da irin maganinsa. Sannan kuɗin da muke tarawa a taron shekara a karkatar da wani kaso zuwa inda alƙaluma suka nuna, ko gyaran filin ƙwallo ne, ko ajin dare, ko kayan koyon ɗinki da walda. A kuma riƙa buga sakamakon kowace shekara a cikin wannan mujalla domin kowa ya ga ko an ci gaba ko an koma baya.

Mutanen Aisilan sun yi kusan shekaru 20 suna wannan aiki kafin duniya ta waiwaye su, saboda haka duk shugabancin da ya soma shi ya sani cewa wataƙila wani ne zai girbe. Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaran da ke aji ɗaya na sakandare a bana su ne magidantan garinmu nan da shekaru 15. Ina kira ga kwamitin zartarwa da ya sa wannan batu a cikin ajandar babban taro mai zuwa, ya kuma naɗa ƙaramin kwamitin da zai kawo daftarin tambayoyin da kiyasin kuɗin aikin.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya kare garinmu daga wannan annoba, Ya ƙara haɗa kawunanmu a kan alheri. Amin.