Yadda girman mota ke shafar tsirar direba a lokacin haɗari

Mai niyyar sayen mota a Najeriya yakan tambayi dillali game da shan mai, tsadar kayan gyara da kuma yadda motar za ta jure ramukan hanya. Ba kasafai ake tambayar yadda motar za ta kare wanda ke bayan sitiyari ba idan tsautsayi ya gitta, domin mutane da yawa sun riga sun yanke hukunci cewa babbar mota ita ce mai tsaro. Binciken masana ya nuna akwai gaskiya a cikin wannan zato, amma gaskiyar tana da iyaka da sharuɗɗa.

Batun ba ƙarami ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, na shekarar 2023 ya ce kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke rasa rayukansu a haɗurran hanya duk shekara, kuma haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. Yankin Afirka ne ke da kaso mafi yawa na mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Nauyi da tsawon gaban mota

Idan ana maganar girman mota, abubuwa biyu ake nufi: nauyinta, da kuma tsawon jikinta, musamman tazarar da ke tsakanin bamba da kujerar direba. Kowanne yana da aikin da yake yi a lokacin karo.

Abin da ke raunata mutum a haɗari shi ne saurin da gudun jikinsa ya sauya da shi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Idan motoci biyu suka yi taho-mu-gama, mai nauyi tana tura mara nauyi baya, saboda haka mutanen da ke cikin ƙaramar su ne ke shan mafi yawan sauyin. Misali, a ɗauka wata mota mai nauyin tan 1 ta haɗu gaba da gaba da mai tan 2, kowacce tana gudun kilomita 60 a awa, suka kuma manne da juna. Lissafi ya nuna babbar za ta ci gaba da tafiya a kan gudun kilomita 20, wato gudunta ya ragu da 40. Ita kuwa ƙaramar za ta tsaya cak, sannan a tura ta baya da gudun kilomita 20, wato sauyin da ta fuskanta ya kai 80. Jikin direban ƙaramar motar ya sha ninki biyu na abin da ɗan'uwansa ya sha, alhali gudunsu ɗaya.

Tsawon gaban mota kuwa amfaninsa shi ne ba da lokaci. Ana ƙera gaban motocin zamani da bayansu ta yadda za su lanƙwashe su murƙushe a lokacin karo, su shanye ƙarfin bugun kafin ya isa inda mutane ke zaune, yayin da ɗakin fasinja ake yin sa da ƙarfe mai tauri domin kada ya rufta. Injiniya Béla Barényi na kamfanin Mercedes-Benz ne ya samu rajistar mallakar wannan fasaha a 1952, aka kuma fara sayar da motoci masu ita a 1959. Motar da gabanta ya fi tsawo ta fi samun filin murƙushewa, don haka tsayawarta ba ta zuwa wa direba farat ɗaya. Wannan ne ya sa motar da gabanta ya yi raga-raga amma ƙofofinta suna buɗuwa, sau da yawa ta yi aikinta yadda ya kamata, ko da masu kallo a bakin hanya suna cewa kwali ce.

Abin da gwaji ya nuna

A shekarar 2009, cibiyar IIHS ta Amurka, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta domin binciken kiyaye haɗurra, ta haɗa ƙananan motoci karo da matsakaita na kamfani ɗaya. An gwada Honda Fit da Honda Accord, Toyota Yaris da Toyota Camry, sai Smart Fortwo da Mercedes C-Class, kowacce tana gudun kimanin kilomita 64 a awa. Dukkan ƙananan motocin uku sun samu sakamako mai kyau a gwajin karo da shinge, amma da aka haɗa su da motocin da suka fi su girma, sakamakonsu ya faɗi warwas. Smart ɗin har tashi sama ta yi tana juyi.

Wannan gwaji ya bayyana wani abu da mai duba taurarin da ake ba motoci ya kamata ya sani. Idan an buga mota da shinge mara motsi, tamkar ta yi karo ne da wata mota mai nauyi daidai da nata. Saboda haka taurarin gwajin karon gaba suna da amfani ne wajen kwatanta motocin da nauyinsu ya yi kusa da juna. Ƙaramar mota mai taurari biyar ta fi takwararta mai taurari biyu, amma hakan bai nuna za ta yi kunnen doki da jif mai taurari biyar ba idan suka haɗu a hanya.

Iyakar amfanin nauyi

Ƙarin nauyi ba ya ci gaba da ƙara tsaro har abada. Wani bincike da cibiyar IIHS ta fitar a 2025 ya gano cewa motocin da nauyinsu bai kai matsakaicin nauyin motocin Amurka ba, wato kimanin kilogiram 1,800, suna samun ƙarin kariya sosai ga direba duk lokacin da aka ƙara musu nauyi. Amma da zarar an wuce wannan matsakaici, ƙarin kariyar kaɗan ce ƙwarai, yayin da barazanar da motar ke yi wa direban ɗayar motar take ƙaruwa. Ma'ana, wanda ya bar ƙaramar mota ya koma matsakaiciya ya samu riba babba, wanda kuma ya bar matsakaiciya ya koma ƙatuwar jif ribarsa ba ta taka kara ta karya ba, sai dai ya ƙara wa sauran masu amfani da hanya haɗari.

Akwai kuma batun rashin daidaiton tsayi. Idan ƙarfen gaban jif ko a-kori-kura ya fi na ƙaramar mota tsayi, yakan haye ta sama ya tsallake sashen da aka ƙera domin shanye bugu, ya shiga kai tsaye inda mutane suke. Saboda wannan matsala ne kamfanonin motoci a Amurka suka amince a 2003 su daidaita tsayin waɗannan ƙarafa da na ƙananan motoci, suka kuma sa 2009 a matsayin wa'adin kammalawa.

Doguwar mota da wuntsilawa

Ba kowane haɗari ba ne ya ƙunshi motoci biyu. A kan dogayen hanyoyi, fashewar taya, kaucewa rami ko dabba, da gyangyaɗi sukan sa mota ta kufce wa direba ita kaɗai. A irin wannan yanayi, doguwar mota mai tsayi daga ƙasa, kamar jif, a-kori-kura da bas, ta fi saurin wuntsilawa, domin cibiyar nauyinta tana sama. Lodin kaya a saman rufi yana ƙara ɗaga wannan cibiya, shi ya sa bas ɗin haya da aka jibga wa buhuna a bisa take rangaji a kwana.

Na'urar daidaita tafiyar mota da ake kira ESC ta rage wannan matsala sosai. Tana lura da lokacin da mota ta fara zamewa, sai ta taka birkin wata taya ita kaɗai domin dawo da motar kan hanya. Amurka ta wajabta ta ga dukkan sababbin ƙananan motoci daga ƙirar 2012, Tarayyar Turai kuma daga watan Nuwamban 2014. Tunda mafi yawan motocin da ke shigowa Najeriya na hannu ne, waɗanda aka fi sani da tokumbo ko kwatano, mai sayen tsohuwar jif yana da buƙatar tabbatar da cewa tana da wannan na'ura kuma tana aiki.

Ƙira da shekarun mota

Ana yawan jin cewa motocin da sun fi na yanzu ƙarfe. A 2009, domin bikin cikarta shekara 50, cibiyar IIHS ta haɗa Chevrolet Bel Air ƙirar 1959 karo da Chevrolet Malibu ƙirar 2009. Ɗakin direban tsohuwar motar ya rufta, sitiyari ya danno cikin gunkin gwajin da aka zaunar, alhali ɗakin sabuwar ya tsaya kusan yadda yake. Kaurin bodi daban, ingancin ƙira daban.

Ko sabuwar mota ma, kasuwar da aka ƙera ta dominta tana da tasiri. Ƙungiyar Global NCAP ta ƙaddamar da shirin gwada motocin da ake sayarwa a Afirka a 2017, tare da ƙungiyar masu motoci ta Afirka ta Kudu. A 2018, a-kori-kurar Nissan NP300 Hardbody, wadda a ido take da girma da ƙwari, ba ta samu ko tauraro ɗaya ba a ɓangaren kare manya, domin jikinta ya rufta a gwajin. Wannan ya nuna girma ba ya maye gurbin ƙira mai kyau.

Haka nan motar da ta taɓa yin mummunan haɗari aka miƙar da ita da walda, ko aka cire jakar iskarta ba a mayar ba, ta rasa wani kaso na kariyarta komai girmanta. Ƙarfen da ya riga ya lanƙwashe sau ɗaya ba zai shanye bugu kamar sabo ba.

Tirela da tanka

Duk bambancin da ke tsakanin ƙaramar mota da jif yakan zama ba komai ba a gaban tirela. Babbar mota mai cikakken lodi tana iya ninka ƙaramar mota nauyi sau 20 zuwa 30. Idan mota mai tan 1.5 da ke gudun kilomita 80 ta yi taho-mu-gama da tirela mai tan 30 da ke gudun 60, gudun tirelar zai ragu da kimanin kilomita 7 kacal, na ƙaramar kuwa zai sauya da fiye da kilomita 130. Babu ƙirar da za ta iya shanye irin wannan bugu.

Tirela mai lodi tana kuma buƙatar tazara mai tsawo kafin ta tsaya, kuma tana da wurare a gefe da baya da direbanta ba ya hangowa ta madubi. Wani haɗarin shi ne shigewar ƙaramar mota ƙarƙashin bayan tirela, inda bodin tirelar ke tsallake bonet ya daki gilashin gaba. Ƙarfen kariya da ake sawa a ƙasan bayan tirela, da fitilu da fenti mai ƙyalli, su ne maganin wannan, musamman ga motocin da suka lalace aka bar su a kan hanya da dare. A manyan hanyoyin da manyan motoci ke yawan bi, irin su Legas zuwa Ibadan, Abuja zuwa Lokoja da Kaduna zuwa Kano, ba da tazara da haƙuri wajen wuce tirela sun fi girman mota amfani.

Waɗanda ke wajen mota

Alƙaluman WHO sun nuna fiye da rabin waɗanda ke mutuwa a hanya masu tafiya a ƙasa ne, masu keke da masu babur. Girman mota yana shafar su kai tsaye. Binciken IIHS na 2023 ya gano cewa motocin da tsayin bonet ɗinsu ya wuce kimanin santimita 100 sun fi yiwuwar kashe mai tafiya a ƙasa da kusan kashi 45 cikin 100, idan aka kwatanta da masu tsayin santimita 76 ko ƙasa da haka da gabansu ya yi gangare. Ƙaramar mota takan bugi mutum a ƙafa ya faɗo kan bonet, doguwa kuwa takan same shi a ƙirji ko ciki ta kayar da shi gabanta. Yaro ƙarami ma yana iya ɓacewa direban doguwar mota gaba ɗaya idan yana dab da bamba.

Abin da ke hannun direba

Ƙarfin bugu yana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. Idan an ninka gudu sau biyu, ƙarfin da motar za ta shanye ya ninku sau huɗu, saboda haka jif da ke gudun kilomita 140 ta zubar da duk fifikon da girmanta ya ba ta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta ƙayyade wa motocin gida gudun kilomita 100 a babban titi mai tagwayen hanyoyi, 80 a sauran manyan hanyoyi da 50 a cikin gari. Tirela da tanka kuwa iyakarsu 60 ce a babban titi.

Bel ɗin kujera mai ratsa kafaɗa da ƙugu, wanda Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya ƙirƙiro a 1959, yana rage yiwuwar mutuwar mai zama a gaba da kusan rabi, kamar yadda WHO ta bayyana. An fara tilasta ɗaura shi a Najeriya a watan Janairun 2003. Ba tare da bel ba, mutum zai ci gaba da tafiya da gudun motar bayan ita ta tsaya, ya bugi sitiyari ko ya fice ta gilashi, kuma jakar iska an ƙera ta ne domin ta yi aiki tare da bel.

Ga mai neman motar iyali, abin da binciken ya nuna a dunƙule shi ne matsakaiciyar mota ta kwanan nan, mai ESC da jakunkunan iska masu aiki, wadda ba ta taɓa yin babban haɗari ba, ta fi tsohuwar jif da ba ta da waɗannan abubuwa. Wanda ƙarfinsa bai wuce ƙaramar mota ba kuwa, ya nemi mafi kyawun sakamakon gwaji a cikin ajinta, ya kula da taya da birki, ya guji lodin da ya wuce kima, ya kuma tabbatar kowa ya ɗaura bel, na gaba da na baya. Idan haɗari ya auku, ana iya kiran FRSC kyauta a lamba 122.