Sauron Ambursa: Waiwaye Kan Yaƙi da Zazzaɓin Cizon Sauro a Ƙasar Kebbi

Duk wanda ya sauka a filin jirgin saman Birnin Kebbi, a Ambursa ya sauka. Matafiya kaɗan ne suka san cewa tun kafin a yi tunanin shimfiɗa titin jirgi a wurin, sunan wannan gari ya riga ya shiga littattafan masana ƙwari na duniya, kuma sauro ne ya kai shi can. Ni kaina, da aka haifa a Zuru, na kuma yi firamare da sakandare a jihar nan, ban taɓa jin labarin a bakin malami ko dattijo ba sai bayan na shiga jami'a. Abin da na sani tun ina ƙarami shi ne, idan damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, to gidanmu ba ya rasa mai kwance. Kakata takan ɗora laifin a kan tumu da ɗanyar masara, ta dafa ganyen darbejiya a yi sirace, da magariba kuma ta turara ɗaki da ɗoɗɗoya. Ta fahimci lokacin cutar sarai, dalilinta ne kawai ya kuɓuce mata.

Dalilin ya bayyana tun 1897, lokacin da wani likitan Ingila, Ronald Ross, ya ga ƙwayar cutar a cikin tumbin sauro a ƙasar Indiya. To amma sanin da Turawan mulkin mallaka suka zo da shi Arewa, kansu suka fara yi wa amfani da shi. Suka riƙa shan kwinin, suna kwana cikin gidan sauro, suka kuma keɓe unguwanninsu nesa da gari don kada sauron da ya ciji 'ya'yan talakawa ya iso gare su. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da maganin feshi na DDT ya wadata, aka fara tunanin kare talakan kansa. A taron Kampala na 1950 masana suka yi ta muhawara: shin rage cutar a wurin da ta yi katutu ba zai raba manya da garkuwar da jikinsu ya saba da ita ba? Aka watse a kan cewa a gwada a gani.

Ƙasar da ake kira Kebbi a yau tana cikin wuraren da aka zaɓa. A 1954 aka buɗe aikin gwaji na Yammacin Sakkwato, a yankin masarautun Gwandu da Argungu, hedikwatarsa a Birnin Kebbi. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta riƙe aikin, Hukumar Lafiya ta Duniya da asusun UNICEF suka tallafa da masana da kayan aiki, Dokta Leonard Bruce-Chwatt, shugaban sashen yaƙi da maleriya na tarayya a Legas, yana cikin jagororinsa. Mutanen da aikin ya shafa sun haura dubu ɗari. Aka kasa yankin, aka fesa wa kowane kashi irin maganinsa: wani DDT, wani BHC, wani kuma dieldrin. Zuru a lokacin tana Lardin Neja, saboda haka ba ta cikin lissafin.

Dabarar tana da sauƙin fahimta. Macen sauro ce ke cizo, kuma idan ta sha jini ta yi nauyi takan lafe a jikin bango ta huta. Ƙwayar cutar tana buƙatar kwana goma ko fiye a cikinta kafin ta iya sa wa wani. Idan an shafe bangon kowane ɗaki da guba, sauron zai mutu kafin wa'adin ya cika, sarƙar ta tsinke. Da farko abin ya yi kamar zai yiwu. Sauro ya ragu a ɗakuna, jarirai masu ɗauke da cutar suka ragu, har ƙudaje da kuɗin cizo suka yi sauƙi, wanda hakan ya sa jama'a suka buɗe wa masu feshi ƙofa da murna.

Ba a cika shekara biyu ba, a ƙarshen 1955, ma'aikata suka lura cewa a Ambursa sauro yana kwana a bangon da aka fesa wa dieldrin, gari ya waye yana nan da ransa. Aka aika ƙwansa Landan, inda George Davidson ya rene shi a Cibiyar Ross, ya kuma wallafa a 1956 cewa juriyar gado ce, uwa da uba ke ba wa 'ya'ya. Tun asali akwai 'yan ƙalilan masu wannan hali a cikin sauron. Feshin ya kashe sauran, ya bar musu fili suka hayayyafa. Wanda ya jure dieldrin kuma ya jure BHC, sai aka koma kan DDT kaɗai. Wannan shi ne karo na farko da aka tabbatar da irin wannan juriya a jikin babban sauron maleriya na Afirka. Abin lura, a cikin 1955 ɗin nan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta shelanta shirin kawar da maleriya daga doron ƙasa. A shekarar da aka ɗaura ɗamarar yaƙin, a shekarar sauron wani ƙauye na bakin fadamar Rima ya nuna inda makamin yake da giɓi.

Ba gado ne kaɗai ya kayar da aikin ba. Bangon laka yana shanye magani. Magidanci yakan yi wa ɗakinsa sabon yaɓe ya binne feshin, ko ya gina sabuwar bukka bayan masu feshi sun wuce. Da bazara mutane a tsakar gida suke kwana, makiyaya da 'yan cirani kuma ba su tsaya wuri ɗaya balle a ƙirga su. Duk waɗannan abubuwa ne da kowace tsohuwa a Gwandu za ta iya faɗa wa masanan tun ranar farko, da an tambaye ta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. An ci gaba da feshi har cikin shekarun 1960, cutar ta ragu amma ba ta yanke ba, da aka janye kuma ta koma gidan jiya.

Aka sake gwadawa a Kankiya ta ƙasar Katsina, aka haɗa feshi da raba ƙwayoyi, nan ma ba a kai gaci ba. A 1969 hukumar ta janye daga burin kawar da cutar a duniya baki ɗaya. A wannan shekara ce kuma aka fara aikin Garki, a tsohuwar Jihar Kano, Jigawa ta yanzu, wanda ya kai har 1976, kuma har gobe ana karanta shi a makarantun kiwon lafiya. An auna cewa a wasu ƙauyukan Garki mutum ɗaya yakan sha cizon sauro mai ɗauke da cuta fiye da sau ɗari a shekara. A daminar 1972 da ta 1973 aka yi feshi da wani sabon magani, propoxur, aka kuma riƙa ba mutanen wasu ƙauyuka ƙwayoyi a kai a kai. Masu ɗauke da cutar suka ragu ƙwarai, mutuwar jarirai ta ragu. Sai dai wani ɓangare na sauron a waje yake hutawa, bai taɓa bangon da aka fesa ba. Da aka tsayar da aikin, cikin 'yan shekaru alƙaluma suka koma inda suke. Louis Molineaux da Gabriele Gramiccia sun tattara sakamakon a littafinsu na 1980.

Daga nan aka shiga shekarun da zan kira na kowa tasa ta fisshe shi. Masu ba da agaji suka juya ga wasu lamurra, talaka ya koma ga kulorokwin na kemis da na 'yan tebur, har ita ma ƙwayar cutar ta saba da shi, Nijeriya ta sauya magani a 2005. Iyayenmu a wannan zamani suka yi renonmu. Na tuna daren da jijjiga ta kama ƙanena, idanunsa suka kakkafe. Maƙwabta suka ce iska ce, mahaifiyarmu ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi asibiti a ƙafa. Ya rayu. Ɗan maƙwabtanmu da suke sa'a ɗaya bai ga kakar wannan shekara ba.

Zango na uku ya buɗe ne a Abuja ranar 25 ga Afrilu, 2000, da shugabannin Afirka suka yi alkawarin rage mace-macen maleriya da rabi kafin 2010. Daga wannan taro aka samo ranar da ake tunawa da cutar duk shekara. Kuɗi suka biyo baya: Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da maleriya a 2002, sai shirin Shugaban Amurka a 2005, wanda daga baya Kebbi ta shiga jerin jihohin da yake tallafawa. Makamin wannan karo shi ne gidan sauro mai magani, wanda aka fara rabon gida-gida da shi a Kano a 2009. Tare da shi aka zo da kalmar da ta zama ruwan dare, wato wayar da kai: sanarwa a rediyo, masu shela a kasuwa, huɗuba a masallaci, wa'azi a coci, gangami a fadar hakimi. A Zuru, inda Musulmi da Kirista ke cin kasuwa ɗaya, saƙon ya shiga ta ƙofofin biyu, da Hausa da C'lela.

A nan ne nake ganin tarihi yana da abin faɗa wa masu agaji. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa fiye da gidaje tara cikin goma a Kebbi suna da gidan sauro, jihar tana sahun gaba a ƙasar nan. Binciken nan dai ya nuna cewa kashi 52 cikin ɗari na ƙananan yaran jihar suna ɗauke da ƙwayar maleriya a jininsu, adadi mafi yawa a Nijeriya, alhali Legas, inda masu gidan sauro suka fi ƙaranci, tana da kashi 2. A 2021 Kebbi ta sauko zuwa kashi 49 kawai. Wanda duk ya ce jahilcin mutane ne matsalar, sai ya yi bayanin waɗannan alƙaluma. Gaskiya ne akan ga gidan sauro an kewaye lambu da shi, ko an rufe kaji, amma sau da yawa tsoho ne da ya yayyage. Mutanen Kebbi sun karɓa, sun rataya. Abin da ya fi ƙarfinsu shi ne fadama da gonar shinkafa a bayan gida, da ɗaki marar silin da taga marar raga, da zafin da ke hana shiga ɗaki sai dare ya raba, da nisan asibiti. Ga kuma jikokin sauron Ambursa, waɗanda a yau suke jure maganin da ake jiƙa gidan sauron da shi, har ta kai ana sauya irin wanda ake rabawa.

Akwai dabara ɗaya da na fi ganin ƙimarta, domin ta yarda da abin da kakata ta sani, cewa cutar tana da lokacinta. A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a riƙa ba yara 'yan wata 3 zuwa wata 59 maganin rigakafi sau ɗaya a wata tsawon damina a ƙasashen Sahel. Ƙungiyar agaji ta Malaria Consortium ta fara shi a Katsina a 2013, daga baya ya iso Kebbi. Masu rabon 'yan unguwa ne, an san iyayensu. Sukan ba yaro na ranar farko a gabansu, su bar wa uwa na kwana biyu, su yi alama da alli a bango, su dawo bayan wata guda. Aikin ya rataya a wuyan uwa, kuma ta riƙe amana. Amma kaso mai yawa na kuɗin daga sadakar mutanen ƙetare yake fitowa, waɗanda ba su san inda Mahuta ko Ribah suke ba. Allah ya saka musu. Sai dai kayan aro ba ya rufe katara. A watan Janairun 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da tallafinta na ƙetare da sa hannu ɗaya, ta kuma rushe hukumar USAID a cikin shekarar. Ita kuwa gwamnatin tarayya, da ta karɓi baƙuncin wani taron a Abuja a 2001 inda aka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi, ba ta taɓa cika shi ba.

Ranar 2 ga Disamba, 2024, Kebbi ta sake zama wurin farawa. Ita da Bayelsa aka zaɓa don soma allurar rigakafin maleriya ta R21, wadda Jami'ar Oxford ta ƙirƙiro, ake sarrafa ta a Indiya, ƙawancen Gavi ya biya mafi yawan kashin farko na allura miliyan ɗaya. Allurar ba ta maye gurbin gidan sauro ko maganin damina ba, ƙari ce a kansu. Sau huɗu ake yin ta: a wata biyar, da shida, da bakwai, sannan a wata goma sha biyar. Uku na farko suna kusa da juna, uwa ba ta mantawa. Ta huɗun ce ke da wuya, domin wata takwas ne tsakani. Jaririn da aka fara yi wa yana ɗan wata biyar a ranar buɗewa, wa'adinsa na ƙarshe ya faɗo ne a Oktoban 2025, ana tsakiyar girbi. A ƙasar Zuru kuwa, musamman Danko-Wasagu da Sakaba, akwai ƙauyukan da 'yan bindiga suka tasa, iyaye mata suka watsu zuwa gidajen dangi a cikin gari, wasu da katin rigakafin a ƙullin zane, wasu sun baro shi a ɗakin da suka gudu suka bari.