Daga kuɗin fito zuwa kuɗin inshora

Jama'a, duk mai korafin tsadar inshorar mota, ya fara duba tashar Apapa tukuna.

A 2013 gwamnatin Jonathan ta fito da manufar harhaɗa motoci a gida, ta ɗora kashi 70 a kan motar da aka shigo da ita: 35 kuɗin fito, 35 ƙarin haraji. Manufar dai mai kyau ce a takarda. Amma masana'antun ba su cike gibin ba, sai 'yan kasuwa suka karkata Kwatano. Daga Janairun 2017 Buhari ya hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa. Dokar Kuɗi ta 2020 ta rage ƙarin harajin zuwa kashi 5, amma kafin mu shaƙi iska, a 2023 aka saki naira, kwastan kuma da dala suke lissafi.

To ina inshora ta shigo? Cikakkiyar inshora da darajar mota ake auna ta, NAICOM ta ce kada ta gaza kashi 5. Mota ta yi tsada, ita ma ta bi. Haka kayan gyara, fitila ko bamba, kusan duk daga waje suke.

Ita kuwa ta dole, wadda yawancinmu ma'aikata muke yanka don 'yan sanda, ta tashi daga N5,000 zuwa N15,000 a Janairun 2023, diyyar ɓarna kuma daga miliyan 1 zuwa 3. Ni abin da ke damuna ke nan. Ka daki jif ɗin wani yau, Allah ya kiyaye, miliyan 3 ɗin ina za ta kai? Ragowar daga albashinka za a nema.