Kamfanin da Ba Shi da Oga: Labarin The DAO na 2016

Yau tarihi za mu taɓa, amma wanda bai tsufa ba. Kwanan nan ana yawan cewa nan gaba aiki ba zai buƙaci oga ba: ka yi aikinka daga ɗaki, manhaja ta biya ka da kirifto, shi ke nan. To, an taɓa gwada wannan a 2016, da maƙudan kuɗi kuwa.

Bari mu ɗan koma baya. A Yulin 2015 aka ƙaddamar da Ethereum, wanda Vitalik Buterin da abokansa suka gina. A kansa ana iya rubuta yarjejeniya mai zartar da kanta. Wato ka ce wa manhaja: idan kaza ya faru, ki tura wa wane kuɗi. Da an ɗora ta, babu mai riƙe mata hannu.

Sai wani ƙaramin kamfani a Jamus, Slock.it, ya rubuta manhajar ƙungiya sukutum a kan wannan tsari. Aka sa mata suna The DAO, aka buɗe ta ranar 30 ga Afrilu, 2016. Ka ɗauka adashi ne babba wanda ba shi da uwar adashi. Ka zuba ether, kuɗin Ethereum ke nan, a ba ka tokin, tokin ɗin shi ne ƙuri'arka. Mai son aiki ya kawo tsarinsa, ya faɗi nawa yake nema, a kaɗa ƙuri'a. In ya ci, manhaja ta sakar masa kuɗi. Babu ofis, babu darakta, babu "dawo gobe, oga ba ya nan".

Cikin makonni huɗu, sama da mutum 11,000 suka zuba abin da ya kai kusan dala miliyan 150.

Ranar 17 ga Yuni aka wayi gari kuɗi na zurarewa. Me ya faru? Manhajar tana da wata kafa: tana biyan mutum kafin ta rubuta cewa ta biya shi. Kamar mai kanti ne da zai miƙo maka canji, kafin ya rubuta a littafi ka sake miƙa hannu, ya sake ba ka. Haka wani ɗan kutse ya yi ta maimaitawa har ya kwashe ether miliyan 3.6, kusan kashi ɗaya cikin uku na asusun. Sa'a ɗaya, dokar manhajar ta kulle kuɗin na kusan makonni huɗu kafin ya iya cire su.

Nan fa gardama ta kaure. Wasu suka ce abin da manhaja ta bari shi ne doka, kada a taɓa. Wasu suka ce sata dai sata ce. Ranar 20 ga Yuli aka sauya kundin Ethereum don a mayar wa mutane kuɗinsu. Waɗanda suka ƙi yarda suka ci gaba da tsohon kundin, shi ne Ethereum Classic har yau.

Kun lura? Da masifa ta zo, manhaja ba ta ceci kanta ba. Mutane ne suka zauna suka yanke hukunci. Hukuma ma ba ta tsaya kallo ba: a 2017 SEC, mai kula da hannun jari a Amurka, ta ce tokin ɗin The DAO yana ƙarƙashin dokokinta. A 2021 kuma jihar Wyoming ta yi dokar yi wa irin waɗannan ƙungiyoyi rajista a matsayin kamfani.

Amfanin tsarin a fili yake: ana iya biyan ma'aikaci a ko'ina cikin mintoci, kowa kuma yana ganin shige da ficen kuɗi. Amma inda ƙuri'a ke bin yawan tokin, mai kuɗi ne mai babbar murya. Oga bai ɓace ba, riga ya canza.

Don haka kafin ka ba irin wannan ƙungiya guminka, tambayi abu uku. Wa ke riƙe da mafi yawan tokin? Wa ya binciki manhajar? In ba a biya ka ba, wa za ka kama? In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in sha Allah.